Zargi a Ɗakin Masu Busa

Cikin duk ranakun da na yi a bayan na'urar haɗa sauti, akwai wadda ta ƙi fita daga raina. Ita ce ranar da shugaban wata ƙungiyar makaɗa ya shigo ɗakin na'ura, ya tura ƙofa, ya rage murya, ya ce yana so in riƙa sauraron hirar da mutanensa suke yi a lokacin hutu. A Kuala Lumpur abin ya faru, lokacin annobar korona. Na ga ya dace in rubuta shi domin abokan aiki, musamman ƙannenmu da suka shigo gidan rediyo kwanan nan, masu yawan tambayata ko na koyo wani abu a Malesiya ban da karyawa da shinkafa.

Na je can ne karatun digiri na biyu a fannin sarrafa sauti, da tallafin gwamnati, bayan na daɗe ina aiki a ɗakin watsa labarai. Muna zaune a unguwar Taman Melati, ni da matata Hadiza da 'yarmu Ilham. Da aka sa dokar kulle a watan Maris na 2020, karatu ya koma ta intanet, aka garƙame ɗakin gwaji na jami'a. Ni kuwa ba za a ba ni shaidar kammalawa ba sai na yi aikin hannu. Bayan an ɗan sassauta dokar, malamin da ke duba aikina ya haɗa ni da wani ɗakin ɗaukar sauti a Sentul, a saman wani shagon tayoyi. A nan wata babbar ƙungiyar kiɗan jaz take shirin wasan da za a watsa kai tsaye ta intanet.

Bari in yi bayanin irin wannan ƙungiya ga wanda bai santa ba. Ta yi kama da badujala, sai dai a zaune ake yi. Mutum goma sha bakwai ne. Akwai masu busa saksofon biyar, sai masu begila, sai masu wani dogon ƙaho da ake zuge shi a mayar, wanda ake kira turombon. Sauran su ne mai fiyano, da mai jita, da mai babbar jita mai kaurin murya da ake kira bes, da mai ganguna. Kowa da takardarsa a gabansa, an rubuta masa abin da zai busa. Kowane rukuni kuma yana da jagora, wanda suke kira na ɗaya. Shi ake bi wajen tsawon busa da ƙarfinta da inda za a datse. A jaz na yau da kullum mutum ɗaya yakan miƙe ya busa abin da ya zo masa a rai, amma a kan hanyar da kowa ya sani, sauran kuma suna riƙe masa ita.

Kafin annoba, otal-otal da bukukuwan aure da liyafar kamfanoni ne abincinsu. Duk suka tsaya cak. Wata gidauniya mai tallafa wa masu fasaha ta yarda ta ɗauki nauyin jerin wasanni ta intanet, bisa sharaɗin a kawo sabon abu. Shugaban ƙungiyar, Azlan, shi ne mai fiyano. Ya gaji shugabancin daga mahaifinsa, ya kuma yi karatun kiɗa a waje. Sabon abin da ya kawo shi ne wanda zan kira kiɗan nan-take. A tsakiyar wasa kowa zai kife takardarsa. Babu waƙar da za a bi, babu bugun da za a riƙe, babu jagora. Kowa ya saurari 'yan uwansa, ya sa abin da ya ga ya dace, ko ya yi shiru. Doka ɗaya ya kafa: ba a shirya komai a ɓoye, ba a kuma ba wa juna alama.

Jagoran masu saksofon wani dattijo ne da kowa ke kira Ankul Raju, wato Kawu Raju. Ya haura sittin, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a nan Sentul aka haife shi, kuma tun zamanin mahaifin Azlan yake kan wannan kujera. Ranar da aka yi bayanin sabon tsarin, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Shekara arba'in ina koyon yadda zan busa daidai. Yanzu kuma za a biya ni in manta. Boleh lah, ba damuwa, ai aikin ya yi sauƙi."

Aka yi dariya. Azlan bai yi ba.

Dokar annoba ta ƙayyade yawan mutanen da za su zauna a ɗaki ɗaya, mai busa kuma ba ya iya sa takunkumi. Saboda haka aka raba su ɗaki uku, aka gitta allunan roba tsakanin kujeru. Na wannan ɗaki ba ya ganin na wancan. Duk abin da suke ji daga juna sai ya bi ta na'urata kafin ya isa hedifon ɗinsu. Kowa da makirufonsa daf da bakin ƙahonsa, kowane makirufo da layinsa a gabana. Ƙa'idar aiki da irin wannan ƙungiya ita ce a ɗora sautin jagora sama da na sauran a cikin hedifon, domin a ji daɗin binsa. Haka injiniyan da na gada ya bar tsarin, na duba na ga daidai ne, na ci gaba da shi.

Ɓangaren da aka rubuta ba shi da matsala. Mutanen sun san aikinsu. Matsalar tana cikin na nan-take. Azlan zai taɓa fiyano kaɗan-kaɗan, mai ganguna ya riƙa shafa farantin ƙarfen da ke jikin gangunansa, abu ya fara ɗaukar wani irin yanayi. Kwatsam sai saksofon biyar su shigo lokaci guda, kamar an banko ƙofa. Masu begila da turombon su biyo su daga ɗaya ɗakin. Kafin ka ankara mai ganguna ya kama bugu, abin ya koma kiɗan liyafar otal. Aka sake, haka. Aka dawo wani gwajin, haka.

A nan ne Azlan ya shigo ɗakina ya tura ƙofa.

"Abang Sani," ya ce, haka yake kirana, wato yaya. "Mutum biyar, allo a tsakaninsu, ba takarda, ba ƙidaya, su shigo kamar mutum ɗaya. Ka taɓa ganin haka?"

Na ce ban taɓa ba.

"Akwai wani layi tsakanin ɗakunan nan da ban sani ba?"

Na gane tambayar ba kan Ankul Raju kaɗai take ba, har da ni. Na nuna masa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, daga inda suka fito zuwa inda suka shiga. Ya bi su da ido kamar mai neman maciji a cikin ciyawa. Da bai ga komai ba, sai ya ce in bar makirufo a buɗe idan an tafi hutu, in ji abin da suke ƙullawa.

Ku da kuka fara aiki kwanan nan, ku riƙe wannan. Makirufo a buɗe amana ce. Abin da baƙo ya faɗa kafin jar fitila ta kama ba naka ba ne, ba na mai gidanka ba ne. Na gaya wa Azlan cewa duk abin da aka ɗauka lokacin da suke kiɗa zan saurare shi ko sau nawa yake so, domin sun san ana ɗauka. Hirar hutu kuwa ba zan taɓa ta ba.

Ya kalle ni ta saman takunkuminsa.

"To shi ke nan," ya ce. "Amma ka sani, idan abin nan bai daina ba kafin ranar wasa, Ankul Raju ba zai zauna a kujerar nan ba. Zan ɗaga na biyu in sa a wurinsa."

Na san abin da wannan yake nufi. Otal a rufe, biki an hana. Mutum mai shekarun Ankul Raju idan ya sauka daga wannan kujera a irin wannan lokaci, babu wata da ke jiransa.

Kada a ɗauka na ƙi ne don na yarda dattijon ba shi da laifi. Ni ma ina zarginsa. A lokacin hutu yakan tara masu saksofon a matattakalar bene, kowa da abincin da ya yo tapau, wato ya sayo a ƙunshe, daga shagon mamak na ƙasa, irin gidan abincin Musulmin Indiya, suna magana ƙasa-ƙasa. Idan na zo wucewa sai su yi shiru. Yana kuma da al'adar cire agogonsa ya ajiye a gaban takardarsa. Na ce ko sun yi alkawarin wani lokaci ne a agogo. Na koma kan abin da na ɗauka, na tarar kowane gwaji da lokacin da suka shigo, babu biyu da suka zo ɗaya. Na ce ko da ƙafa yake buga musu ƙasa. Na saurari ƙasan sautin, ban ji ko tari ba, ga shi ɗakin shimfiɗe yake da darduma mai kauri.

Azlan ma bai zauna ba. A gwaji na gaba ya zo da kwando, ya ce kowa ya saka wayarsa. Manyan mutane, wasu da jikoki, suka riƙa jefa waya a kwando kamar 'yan makaranta a ɗakin jarrabawa. Ya sa aka rataya zannuwa a kan allunan roba don kada wani ya ga inuwar wani. Aka fara. Saksofon biyar suka banko ƙofa kamar kullum.

Daga nan wurin ya yi tsami. Masu begila suna zargin masu saksofon da jawo musu wulaƙanci. Masu saksofon suna zargin akwai mai kai rahoto. Akwai wata mata a cikinsu, Madam Lim, malamar kiɗa a makarantar firamare, ita ce ke busa saksofon mafi girma, mai murya kamar ta bajimin sa. Kujerarta ce ta ƙarshe a layi, ba ta kuma cika magana ba. Ta tare ni a baranda ta ce:

"Bos, wai kai ne kunnen Azlan?"

Na ce ni kunnen kowa ne a nan, shi ya sa aka ajiye ni.

"Ba amsa ba ce wannan," ta ce, ta wuce.

A gida kuma ban tsira ba. Wata ranar Asabar da hantsi ina zaune a falo da hedifon, ina maimaita wuri ɗaya, Hadiza ta zo ta ɗaga min ɗaya kunnen ta kara a nata. Ta yamutsa fuska.

"Abban Ilham, wai wannan gurnanin ne aka turo ka karantawa? Gwamnati ta biya kuɗin jirgi don wannan?"

Na ce bincike nake yi.

"Binciken wa? Ba dai tsohon nan da ya aiko wa Ilham da cincin ɗinsu na Indiya ba?"

Na ce shi fa. Na ƙara da cewa ni cincin ɗin ma yanzu ban san ko na me ne ba.

Ta saki hedifon ya koma kunnena da ƙarfi. "Allah ya shirye ka. Mutum ya ba 'yarka cincin, ka cinye rabi, yanzu kuma ka ce toshiya ce. To ka biya shi rabin da ka ci, sai ka yi bincikenka da gaskiya."

Bayan ta koma kicin na ci gaba. Abin da ya fitar da ni tsohuwar ɗabi'ar ɗakin labarai ce. Duk wanda ya taɓa riƙe na'ura lokacin labaran duniya ya san ba ma jiran mai karatu ya furta kalmar farko kafin mu sauke taken labarai. Idan ka jira kalmar, ka makara. Numfashinsa muke jira. Da zarar ka ji ya ja iska, hannunka ya sauka. Bayan wasu shekaru ba ka ma sanin kana yi. Sai na lura duk kwanakin nan busar nake saurara. Ban taɓa sauraron abin da ke gabanta ba.

Na kashe layukan kowa, na bar na Ankul Raju kaɗai, na koma baya kaɗan daga inda suke shigowa. Ga shi nan. Jan iska mai kaifi ta gefen baki, gajere, sannan busa. Na duba sauran gwaje-gwajen. Babu wanda babu shi. Na buɗe layukan sauran huɗun, na ji kowannensu ya ja tasa iskar a bayan tasa, kusa ƙwarai har kunne ba ya rabewa sai an rage gudun sautin. A dandali, cikin hayaniyar jama'a, na kusa da shi ne kawai zai ji wannan numfashi. A nan kuwa makirufo yana daf da bakinsa, layinsa kuma shi ne a sama. Numfashinsa yana shiga kunnen mutum goma sha shida, har da na sauran ɗakunan, kamar yana tsaye a bayan kowannensu.

Na kai wa Azlan kafin gwaji na gaba. Ya saurara sau biyu, ya buga tebur.

"Ka gani! Alama yake ba su."

Na ce abin da zan iya tabbatarwa shi ne yana numfashi, su kuma suna binsa. Ko da niyya yake yi, na'urata ba ta nuna wannan.

"To yanke shi."

Akwai abin da muke kira ƙofa a na'urar haɗa sauti. Idan ka sa ta a layi, ƙaramin sauti ba ya wucewa, sai mai ƙarfi. Da ita muke kashe ƙarar fanka da shaƙar hanci. Na ce zan sa, domin yadda sauti zai kasance hurumin shugaba ne. Amma na nemi mu yi yarjejeniya tun kafin a fara. Idan sun ƙulla wani abu a ɓoye, za su shigo tare ko da ƙofa ko babu. Idan kuwa suka watse, to babu ƙulli, ya daina maganar makirci. Ya ce ya yarda.

Aka kife takardu. Azlan ya fara taɓa fiyano, mai ganguna yana shafa faranti. Ta gilashi ina hango masu saksofon, kowa ƙaho a baki, ido a rufe. Ankul Raju ya shigo. Shi kaɗai. Ya yi 'yar tafiya, ya ji babu kowa a bayansa, ya tsaya. Na biyu ya leƙo ya koma. Wani mai begila ya saki wata ƙara ya haɗiye sauran. Haka suka yi ta laluben juna kamar mutanen da aka ɗauke wa wuta a gidan da ba nasu ba, har abin ya mutu da kansa.

Ankul Raju ya cire hedifon, ya ajiye ƙahonsa, ya sa takunkumi, ya taho har ƙofar ɗakina.

"Bos, me ka yi wa kunnena? Kamar a cikin kabad nake busa. Ba na jin kowa, ba na jin kaina."

Kafin in amsa Azlan ya iso, sauran kuma suka fito baranda, kowa ya ja baya da ɗan uwansa kamar yadda doka ta ce. Azlan ya ce in kunna musu. Na sa a lasifika, na ɗaga shi sosai. Jan iskar ya cika barandar.

"Mene ne wannan, Ankul?"

"Numfashi ne, Azlan. Likita ma ya ce in ci gaba da yi."

Wasu suka yi dariya cikin takunkumi.

"Ka san suna binsa."

"Ka karɓe mana waya kamar ɓarayi. Ka rataya mana zannuwa kamar masu jego. Babanka ya yi shekaru yana zagina a kan sigari, amma bai taɓa sa an laluba aljihuna ba. Yanzu kuma hancina ne ya yi laifi?"

"Ban ce ka daina numfashi ba. Cewa na yi babu jagora, kai kuma ka ƙi sauka."

Nan Madam Lim ta ɗaga hannu kamar a aji. Ba Azlan ta kalla ba, ni ta kalla.

"Ni ban san ina binsa ba sai yanzu. Amma ina da tambaya, Bos. Mu goma sha bakwai ne, dukkanmu muna numfashi. Me ya sa nasa kaɗai muke ji? Ni ban taɓa jin nawa a abin nan ba."

Na ce domin shi ne na ɗaya. Haka ake haɗa wa babbar ƙungiya sauti a ko'ina: jagora a sama, na ƙarshe a ƙasa. Layinta shi ne mafi ƙasa cikin masu saksofon.

Sai a lokacin na gane. Azlan ya kife wa mutane takardu, ya karɓe waya, ya toshe ido, amma muƙamin kowa yana nan daram a cikin kunnuwansu, ta hanyar na'urar da ke gabana. Babu wanda ya yi tunanin wannan, har da ni da nake riƙe da ita, sai da ta ƙarshen layi ta tambaya.

Na ba da shawarar a yi tsari biyu. A ɓangaren da aka rubuta, a bar jagorori a sama kamar yadda aka saba. Da zarar an kife takardu, in juya zuwa tsari na biyu: a cire ƙofa, kowa ya zo daidai da kowa, numfashin kowa ya shiga kunnen kowa. Azlan ya amince, amma zarginsa bai gama sauka ba. Lokacin da aka ba mu a ɗakin ya ƙare, babu kuma sauran gwaji kafin wasa. Ya juya ga dattijon.

"Yanzu ka sani, Ankul. Ba sauran cewa ba ka sani ba. Idan ranar wasa suka sake shigowa a bayanka kamar sojoji, wasa na gaba ba ka ciki."

"Boleh," in ji Ankul Raju. Ya koma ya ɗauki ƙahonsa ya fara goge shi.

Ranar wasa da la'asar aka fara. Jar fitila ta kama, ɓangaren farko ya tafi sumul. Da aka zo tsakiya, Azlan ya kife takardarsa, sauran suka bi, na juya tsari.

Ban shirya wa abin da na ji ba. Numfashin mutum goma sha bakwai ya cika min kunne, wani da sauri, wani a hankali, wani da ɗan kurman tari. Wata da watanni ke nan kowa yana gudun numfashin ɗan uwansa, a jirgin ƙasa, a kanti, har a masallaci. Ga shi yau an tara min shi wuri ɗaya, kuma shi ne kaɗai abin da ke fita zuwa ga masu kallo, domin babu wanda ya busa komai. Azlan ma bai taɓa fiyano ba.

Shirun ya yi tsawo. Ku kun san yadda aka horar da mu: barin tasha shiru laifi ne da ake amsa tambaya a kansa. Hannuna ya kai kan maɓalli da kansa, neman abin da zan cusa. Na janye shi na danne a cinya.

Idona yana kan ma'aunin layin Ankul Raju. Na ga fitilarsa ta motsa, na ji jan iskar nan da na sani ya faro. Sai ya tsaya a rabi. Ya riƙe. Ya sake ta a hankali ta hanci, ba tare da ya busa komai ba.

Can sai wani numfashi ya taso, dogo, mai nauyi, wanda ban taɓa lura da shi ba. Madam Lim ce. Ta saki murya ɗaya tak, mai kauri, ta riƙe ta har gilashin gabana yana rawa. Wani mai turombon daga ɗaya ɗakin ya amsa mata da abu kamar tambaya. Mai bes ya shiga tsakaninsu. Ankul Raju bai shigo ba sai da tafiya ta yi nisa, kuma da ya shigo, a ƙarƙashinta ya kwanta, siriri, yana bin inda ta nufa.

Ba zan ce duk abin da suka yi ya yi daɗi ba. Akwai wurin da ya koma kamar rigimar 'yan tasha, akwai inda masu begila biyu suka yi karo suka ja da baya tare. Amma bai koma kiɗan otal ba, kuma ba a banko ƙofa ba. Da suka gama, babu wanda ya ba da alamar tsayawa. Kawai na ji numfashin ya lafa, ɗaya bayan ɗaya.

Bayan fitila ta mutu, Azlan ya shiga ɗakin masu saksofon da takardun wasa na gaba. Ya ajiye ta farko a gaban Ankul Raju, ya wuce zuwa na biyu. Maganar sauke shi ba ta sake tasowa ba.

Ina naɗe wayoyi dattijon ya leƙo, ya miƙo min shayi mai madara a leda, irin wanda ake ɗaurewa da zare. Muka zauna a matattakala, shi a sama ni a ƙasa. Na ce:

"Ankul, tsakaninka da Allah. Yau na ga ka ja iska ka haɗiye. Wanda ya iya haɗiyewa yau, ai da ma ya iya. Ka san suna jinka tun farko?"

Ya sauke takunkumi ya kurɓi nasa shayin.

"Bos, kai injiniya ne ko ɗan sanda?"

Na ce tambaya ce kawai.

"Mutanen nan sun yi watanni ba su yi wasa a gaban kowa ba," ya ce. "An ƙwace musu takarda, an kulle su a akwatin roba, an ce su yi tsalle duniya tana kallo. Idan suka faɗi, wa zai sake kiransu? Wani zai iya cewa bari in riƙe musu hannu." Ya ɗaga kafaɗa. "Wani kuma tsoho ne kawai mai ƙarar hanci. Gaishe min da Ilham."

Ya tashi ya sauka, akwatin ƙahonsa yana bugun ƙarfen matattakala.

Abin da na ɗauko daga Sentul na kawo gida ba shi da yawa, amma ina aiki da shi kullum. Wanda ka ɗora a sama cikin kunnen mutane shi ne shugabansu, ko me aka faɗa a taro. Shi ya sa idan muna shirin tattaunawa a ɗakin watsa shirye-shirye, nake zuwa da kaina in duba ko muryar babban baƙo ta danne ta ƙaramin a hedifon, domin na ga yadda mai magana yake janyewa idan ba ya jin kansa. Na kuma ƙara riƙe dokar makirufon hutu. Da na saurari hirar matattakala, da na ji gunaguni da zagin shugaba, irin wanda kowane ma'aikaci yake yi, na kai wa Azlan, an sauke mutum a kan abin da ba shi ne dalili ba.

Na'ura tana gaya maka abin da ya faru da lokacin da ya faru. Ba ta gaya maka abin da ke zuciyar mutum, kuma ba aikinka ba ne ka cike mata gurbin da zato, komai matsin da mai gida ya yi maka. Azlan ya sake tambayata kafin in baro Malesiya, mu biyu kawai, ko a ganina da gangan dattijon ya yi. Amsar da na ba shi ita ce wadda zan ba ku idan kuka tambaya: ni dai na ji ya ja numfashi.